Baitin da ya karye

Asabar da dare, Kore Mairuwa

Ƙafafuna sun kumbura. Tun asuba nake tsaye wajen sunan jikata, ina amsa barka har muryata ta dushe. Ubanta, ɗana Sani, yana cin rani a Aljeriya.

Duk Juma'a nakan rera waƙa a waya, in haɗa da zancen gona da kasuwa, in tura wa ƴan garinmu da ke waje. Sani ba ya amsawa, amma nakan ga sunansa cikin waɗanda suka saurara. Da haka nake sanin yana raye. Juma'a biyar ke nan ban ga sunansa ba.

Jiya da ƙyar na rubuta wa jaririyar baiti huɗu, da wannan rubutun nawa na yaƙi da jahilci. Na rera na tura, raina ba daɗi.

Ɗazu bayan isha'i saƙo ya shigo. Muryar Sani ce, a gajiye: "Baba, kama mu aka yi, yau aka sake mu. Baitinka na uku ya karye fa. Sake rera mini shi a hankali, inda ka ce hancina ta ɗauko."

Na rera sau uku da dusasshiyar muryar nan. Ban gyara baitin ba.