Ragowar Shinkafar Hatim

Daga duwatsun Jojiya

Yaya Dawuda,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Baba kuna lafiya. Tumakin da Baba ya turo ni in zaɓo mana na Hajji sun yi ƙiba, masha Allah. Makiyayan nan sun riƙe ni kamar ɗansu.

Yaya, na ga beyar da idona! Ƙatuwar dabba ce mai gashi, ta fi bijimin sa ban tsoro, amma yawancin abincinta zuma ne da 'ya'yan itace da tururuwa. Sai sanyi ya gabato take haukan ci. Ni dai ban bar tarbiyyar gida ba: ragowar shinkafa ba na zubarwa a shara, bayan garke nake ajiye wa tsuntsaye su samu, kamar yadda muke yi a unguwarmu ta Utaibiyya.

A karanta wa Baba. Na gaishe ku.

Ƙaninka, Hatim

*

Makka

Hatim,

Wa alaikumus salam. Na karanta masa, sau uku, tunda idonsa ba ya gani sosai. Har maƙwabta ya kira su ji "ɗana da ya ga beyar". Wallahi abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Shekara goma sha tara ina garkenmu na hanyar Muzdalifa, rana ta gasa ni, karnukan daji sun yage mini ƙafa, ko "sannu" ban taɓa samu ba. Kai wata biyu ka yi kana shan iska, ka zama gwarzo. Da bakina kuma nake karanta kirarinka!

To, a gaida beyar.

Dawuda

*

Yaya,

Barka da war haka. Na shiga uku. Beyar ta saba da shinkafar nan, kullum tana zuwa, jiya ta tsallaka cikin garke ta kashe tumaki bakwai. Makiyayan sun ga kwanon da nake zuba shinkafar a ciki. Dattijonsu ya ce dabbar da ta ɗanɗana abincin mutum ba ta komawa daji, dole a harbe ta, ni kuma in tattara kayana. Sun fasa sayar mana.

Don Allah kar Baba ya ji tukuna, in ya ji ba zai ƙara aikena ko bakin titi ba. Amma Yaya, kai da ka san dabbobi, ba ka hango wannan ba da ka karanta wasiƙata?

Ka huta lafiya.

Hatim

*

Hatim,

Salamu alaikum. Na hango. Haka karnuka suka yi mini a shekarata ta farko. Na ɗauki biro zan gargaɗe ka, sai na jiyo Baba yana ba wani labarinka, na ajiye. Allah Ya yafe mini, kai ma ka yafe in za ka iya.

Yau Baba ya tambaya ko ka rubuto. Na ce masa a'a.

Yayanka, Dawuda