Wanzamin da aka hana ƙaho

Zuwa ga Yayana, Sale Wanzami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙane ga wansa kuma ubangidansa a sana'a, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka.

Shekara bakwai da rasuwarka ban taɓa rubuta maka komai ba. Yau kuwa na kasa zama. Yanzu na dawo daga Katsina, ko takalmi ban cire ba. Likita ta ce zuciyata ta murmure, in koma bakin aikina, in yi noman bana. Na gaya wa matata Hajara, na gaya wa maƙwabta, har mai babur ɗin da ya kawo ni Mabai sai da ya ji, alhali bai tambaya ba. Kai kaɗai ka rage.

Bari in ɗauko maka daga farko, don na san ba ka son labari daga tsakiya.

Wata biyar da suka wuce, da hantsi, ina yi wa wani aski a kasuwar Ƙanƙara, na ci rabin kai, sai na ji kamar an ɗora mini buhun masara a ƙirji. Gumi ya karyo mini, hannun hagu ya yi nauyi, aska ta faɗi. Bawan Allahn nan da rabin askinsa ya raka ni asibiti, daga nan aka sa ni a mota zuwa babban asibiti a Katsina. Suka ce bugun zuciya ne, gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da ita.

Babbar allura ɗaya suka yi mini mai narkar da gudan, kafin la'asar nauyin ya sauka. Ni a nawa wayon an gama. Amma tun kafin allurar an ba ni wata ƙwaya na tauna, an bi ta da wata, sannan aka yi kwanaki ana tsira mini ƙaramar allura a fatar ciki. Ranar sallama aka haɗo ni da ƙwayoyi iri huɗu: biyu masu hana jini daskarewa, ɗaya mai rage maiƙo a jijiya, ɗaya mai hana zuciya gudu. Na ce a raina waɗannan 'yan rakiya ne, mai aikin ya riga ya yi ya wuce. Likitar, wata Hajiya 'yar siririya mai kaifin baki, ta ce in kiyayi duk abin da zai ji mini rauni. Na gyaɗa kai.

To ka san gidanmu. Tun zamanin Baba, da zarar bazara ta kama, sai an kafa wa kowane namiji ƙaho a baya, a fitar da mataccen jini. Kai ke cewa, “Wanzamin da ba a yi mashi ƙaho, mi zai hwaɗa ma mutane?” Wallahi ko kusa ban lissafa tsagar ƙaho cikin rauni ba. Da abokinka Malam Audu wanzamin Faskari ya zo cin kasuwa, na jawo shi gida na tuɓe masa riga, ya kafa mini ƙaho.

Yaya, jini ya ƙi tsayawa. Zannuwan Hajara biyu suka jiƙe. Malam Audu ya danne wurin har hannunsa ya gaji kafin ya lafa, yana ta salati, yana cewa tunda yake sana'a bai taɓa ganin jini ya zama ruwa haka ba. Na tsorata, ba zan ɓoye maka ba. Sai na yanke wa kaina hukunci irin na mai taurin kai: ƙwayoyin nan biyu su suka tsinka mini jini, don haka na jefa su cikin zabira na ja bakina na yi shiru.

Kwana tara na yi ban sha su ba. A na tara, ina tafiya masallaci da azahar, na ji ƙirjin ya fara matsewa, sai da na dafa katanga. Hajara, wadda tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa buɗe zabira ba, ranar ta zazzage ta a tabarma. Ta ga ƙwayoyin kwance tsakanin asake. Mayafinta kawai ta ɗauka, ta tasa ni gaba sai asibitin Katsina.

Likita kam ba ta raga mini ba. Ta wanke ni tas a gaban matata. Ta ce allura sau ɗaya ta buɗe hanya, ƙwayoyin da na raina su ke hana ta sake toshewa, kuma tsinkewar jinin da na gani ita ake nema. Ta ce saura ƙiris in koma gidan jiya. Ina zaune ina jin kunya sai na tuna ranar da ka kama ni ina yi wa mutum aski ba ruwa ba sabulu, ina taƙama da kaifin aska, ka ƙwace ta ka ce in je in koyo jiƙa kai tukuna. Nan take na gane maganarta.

Tun ranar ko ɗaya ban tsallake ba. Yau ta duba hoton zuciyar, ta sake dubawa, ta yi murmushi. Ƙaho dai ta ce in manta da shi muddin ina kan maganin. Ka ji fa, wanzami ɗan wanzami an hana shi ƙaho, kuma yana ta washe baki a mota har gida.

Amma akwai abin da ya bi ni cikin murnar, shi ya sa na zaunar da kaina na rubuto.

Safiyar da ka dafe ƙirji a zaure, gumi na zubo maka, ka ce, “Kahwa man ƙaho, ƙanena, jini ne ya taru.” Na kafa maka huɗu a baya da hannuna. Ina ja, ina ce maka sannu, ina jiran ka ce ka ji dama. Azahar ba ta riske ka ba.

Na san ajali ne, ban yi wa Allah shisshigi ba. Sai dai yanzu na san sunan abin da ya ɗauke ka. Gaskiyarka, Yaya, jini ne ya taru, amma a inda ƙaho ba ya kaiwa. Motar Ƙanƙara tana tsaye a bakin titi ranar, ni kuwa ina durƙushe a bayanka ina wasa aska. Ka yafe mini, iyakar abin da na sani ke nan a lokacin. Daga yau duk wanda ya zo mini dafe da ƙirji, ko ubana ne ya dawo, ba zan buɗe zabira ba, mota zan sa shi.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da Baba da Inna a Aljanna. Ni kuma ya ba ni ikon riƙe amanar wannan zuciya har ranar da zai kira ni.

Ƙanenka da ke kewarka,
Lawal Wanzami, Mabai.