Karen maƙwabciyata yana ɗauko min sallaya

Assalamu alaikum 'yan gida, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na kasa zaune na kasa tsaye.

Karatu nake a Bukit Jalil, ƙasar Malesiya, ni da 'yata mai shekara shida, babanta ya je Kano ganin gida aka rufe boda da shi saboda korona. Tunda aka kulle mu yarinyar nan ta koma shiru, abinci ma sai da faɗa. Ana haka korona ta kama maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar Chana, da za a wuce da ita asibiti ta bar min makulli tana kuka, wai in riƙa ba karenta abinci. Irin golden retriever ɗin nan ne, ƙato, gashi ruwan zuma, ba cizo ba yawan haushi, shi dai wasa da yara da ɗauko abu a baki. Ni fa ko kwikwiyo na hango a layinmu sai na canza hanya.

Da farko da ƙafa nake tura masa kwano. Kukansa na kaɗaici ya ishe ni, na shigo da shi baranda, daga baranda sai falo. Wallahi 'yata ta dawo mutum, tana ci tana surutu, har kitso take yi masa.

Ashe ɗan banzan ya lura duk sanda waya ta kira salla ina ɗaukar sallaya. Muna bidiyo kol da maigida aka kira la'asar, sai ga shi da ita a baki yana kaɗa wutsiya. Maigida ya ce, "A kan wannan kike salla?" Na rantse ina wankewa, bai saurare ni ba, ya ce mala'iku ba sa shiga gidan kare, a fitar da shi. Ƙawata 'yar Malay kuma ta ce sai na wanke komai sau bakwai, ɗaya da ƙasa, ta daina cin abincina.

Yanzu tsohuwar ta rasu. Ɗanta ya ce ko in riƙe, ko ya zo Asabar ya kai shi gidan dabbobi. Ni ma raina bai kwanta da sallata ba, ba zan ɓoye ba. Amma da na yi wa 'yata zancen sai ta rungume wuyansa ta ce, "Mama, to ni wa zan yi wa magana?" Tun jiya ko kallona ba ta yi.

In miƙa shi ranar Asabar, ko in saɓa wa mijina? Ku gaya min gaskiya, amma ban da zagi.