Murucin da Inna Ta Bari a Ƙasa

Yaya Umaru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin Jos? Ya ƙafar Hajara? Mu nan Birnin Kebbi sai godiya, shinkafa ta yi kyau bana.

Ruwan ƙarshen damina ya karya azara biyu a zauren Baba. Na tafi Gulma neman wasu, a kurmin giginyar nan da muke wasa muna yara. Wallahi, Yaya, kututture kawai na tarar. Wani tsoho mai noma a wurin ya ce mini, "Manyan kun sare, ƙananan kun cinye tun suna muruci. Ina za ku samu azara?"

Na dawo na ba Inna labari. Ka san duk shekara takan binne ƙwallon giginya a bayan gona, in ya tsiro ta tone murucin kaf. Ranar tono ta haƙa rabi, ta miƙe ta kakkaɓe zane, ta ce, "Sauran ba na ci ba ne. A kewaye su da ƙaya saboda awaki." Yanzu duk gidan sunan da ta shiga sai ta yi wa mata wannan magana, har maƙwabta uku sun bar nasu.

Zauren mun tokare shi, yana tsaye.

Ka sa mu a addu'a, ka gai da Hajara da yara. Inna ta ce kada ka jira muruci bana. Rabonka ne ta bari a ƙasa, jikokinka za su yi rufi da shi.

Ƙaninka,
Bello