Hannun Inna da Kan Faruk

Birni, Damagaram

Abban Faruk,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya zafin Agadas da aiki? Na rubuto ne don a waya da na fara magana sai ka ce in yi haƙuri.

To haƙurin ya ƙare. Ka san kan Faruk ya yi tsawo gaba da baya, maɗigarsa ta rufe tun bai yi wata huɗu ba. Ranar sunan gidan Malam Tahiru, yayarka Zuwaira ta ɗaga shi gaban mata, ta ce hannun uwata ne ya lalata shi wajen gasa masa kai da ruwan zafi lokacin jego. Inna fa! Matar da rabin yaran unguwarmu a Mirriya ita ta yi musu wankan farko. Sai Inna ta ɗauki takalmanta ta tafi tasha. Tun ran nan ba wanda ya sake kiranta wankan jariri. Na gaya maka, ba ka tsawata wa yayarka ba.

Kullum safe Yaya sai ta zo da tsumma da ruwan zafi tana danna kan yaron, wai gyara take, yana tsala ihu. Na gaji, na goya shi zuwa likita. Aka yi hoton kan. Dokta ya ce ƙasusuwan ne suka haɗe tun yana ciki, ba hannun kowa ba ne, kuma in ba a yi aiki a Yamai ba, ƙwaƙwalwar za ta rasa wurin girma. Yaya ta ce ba za a sa wa jininsu wuƙa a ka ba. Ita ta haife shi? Amincewarka nake jira, ba tata ba.

Ka huta lafiya.
Ramlatu

Yamai

Abban Faruk,

Ina gaishe ka, ya aiki? Na gode da ka yarda. Alhamdu lillahi an yi aikin, an fito lafiya. Ɗinki daga kunne zuwa kunne, fuska ta kumbura har idanun suka rufe, na yi kuka kamar raina zai fita. Yanzu kumburin ya saɓe, yana shan nono, yana dariya.

Amma ba murna kaɗai zan ba ka ba. Na matsa wa Inna ta zo. Ta zo, ta zauna bakin gado, hannuwanta cikin hijabi. Dokta da bakinsa ya maimaita mata ba laifinta, ta ce to. Jiya aka ce a wanke masa kai, na miƙa mata shi, ta ƙi. Sai na ajiye shi a cinyarta na fita. Da na dawo ya yi barci a jikinta, ita kuwa hannuwanta na sama, tana tsoron ta taɓa jikanta.

Wallahi ban taɓa jin ɓacin rai irin na jiya ba. Daga nan Mirriya za mu wuce. Ba zan taka Birni ba sai Yaya ta tara matan nan ta janye maganarta a gabansu, kai ma kana tsaye. Kan ɗanka likitoci sun gyara shi. Hannun uwata kuwa ku kuka karya, kuma ba a ɗinka shi a Yamai.

Allah ya dawo da kai lafiya.
Matarka, Ramlatu