Kafin Kep, Sai Na Tsaya Wurin Kaka Phon

Phnom Penh, unguwar Stung Meanchey

Oun Malis, ƙanwar zuciyata, sanyin idona, ruwan farko bayan zafin bazara, giginyar da matafiyi ke hangowa daga nesa ƙafarsa ta ƙara sauri, farin watan da ke sa kogin Mekong ya manta shi laka ne,

Bong ɗinki ne, yayanki na soyayya, Borey, yake rubuto miki da hannun da ya fi sabawa da guduma. Da gangan na ƙi kiran wayarki. Na san a gefen Inna, mahaifiyarki, kike ɗagawa, kuma da zarar na ji muryarki, maganar da na shirya sai ta narke kamar dalma a bakin wuta. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da jan ciki na gama, amma abin da ke raina ba sai da babban ilimi ake faɗarsa ba.

Tun da kika naɗe teburin taliyarki kika koma Kep, garinku na bakin teku, titinmu ya zama kango, duk da babura na nan suna ta ihunsu. Wani mai sayar da rigunan waya ne ya kama wurinki. Bai yi mini komai ba, amma ban taɓa amsa gaisuwarsa da daɗi ba. Da hantsi in na ɗaga kai daga ƙyauren da nake yi wa walda, idona can yake zuwa da kansa, yana neman hayaƙin tukunyarki, sai ya dawo mini hannu rabbana kamar karen da aka rufe wa ƙofa. Wane irin gari ne wannan, mai mutane kamar tururuwa, a ce babu mutum ɗaya da zai ce mini na rame? Na gina gida mai bene da gumina, ni da na fara da tsintar ƙarafa a bola, yau ga shi a cikinsa takun ƙafata kawai nake ji.

Kin tuna ranar da ruwa ya cika titi har gwiwa? Kowa ya rufe shago, ni ina ciki idona ya kumbura saboda na yi aiki babu tabarau. Sai ga ki kin tsallako, kin tattare zane da hannu ɗaya, kwanon romo a ɗayan, ko ɗigo bai zube ba. Kika ajiye, kika dube ni kika ce, "Bong, idon nan ba ƙarfe ba ne. In ya ƙone babu mai yi masa walda." Na ce ni ba yaro ba ne. Kika ce, "Na sani, yaro yana jin magana." Ranar na sha romo da ido a rufe, kuma ban taɓa ganin mutum sarai kamar yadda na gan ki ranar ba.

To, ga abin da ya raba mu, bari in faɗe shi da sunansa. Inna ta ce ba za ta karɓi maganar aurenmu ba sai achar, malamin haikali mai duba, ya haɗa shekarun haihuwarmu ya duba. Kowace shekara da dabbarta: ke Ɓera ce, Ɓera da Doki kuwa an ce ba sa haɗuwa. Marigayi mijinki Doki ne, achar ya hana tun farko, Inna ta ji tausayinku ta yarda, teku kuma ta tafi da shi da jirginsa. Tun daga nan ta yi rantsuwa Doki ba zai sake hawa matakalar gidanta ba. Ban ga laifinta ba. Ni kuwa ban san shekarata ba. A zamanin mulkin masu baƙaƙen kaya, 'yan bindigar da suka kora kowa aikin dole, aka haife ni, a sansanin haƙar magudanar ruwa, lokacin da babu mai kalanda, babu bikin sabuwar shekara, babu wanda ke da ƙarfin tuna rana. Kwanan da ke jikin katina wani malamin ofis ne ya ƙago shi yana hamma. Abu ɗaya aka taɓa gaya mini: cikin tsananin zafin bazara ne, a shekarar da ta gabaci faɗuwarsu. In kafin sabuwar shekararmu ne, wadda ke kamawa a tsakiyar zafin, ni Maciji ne. In bayanta ne, Doki. Na ji Inna ta waya tana ce miki, "Mutumin da bai san dabbarsa ba, yaya zan san abin da nake shigarwa gida?" Ba ki ce komai ba, Oun. Shirun nan naki shi nake kwana da shi, shi nake tashi da shi.

Yanzu ga labari. Wani ɗan lardinmu na Takeo ya zo in yi masa tagogi, muna hira sai ƙauyenmu ya faɗo a baki, ya ce ai Kaka Phon tana raye. Ita ce ta karɓi haihuwata, rukuninsu ɗaya da uwata wurin ɗaukar ƙasa. Ya ce idonta ya tafi, amma bakinta yana nan da kaifinsa.

Saboda haka na shirya tafiya, ranar Lahadi bayan cikar wata. Na kai akori-kurata wurin bakanike, an canza tayoyin baya, an wanke ta kamar amarya. Zan fita da sassafe kafin motocin masaƙu su toshe hanya, in kama babbar hanya mai lamba uku. Na sha jin yadda take daga bakinki har na haddace: gonakin shinkafa da suka fara kore, fararen shanu a gefen kwalta, giginyu tsaye ɗai-ɗai kamar masu jiran wani. A Ang Tasom zan sauka daga kwalta in bi jar ƙasa zuwa ƙauye. Zan kai wa Kaka sukari da sabon zane da ganyen taunawa, in durƙusa a gabanta in tambaye ta: ranar da kika yanke mini cibiya, mangwaro ya ƙare ko da saura? Ruwan farko ya sauka ko ƙasa tana nan a tsage? Daga nan sai kudu, ta gefen duwatsu, ta gonakin masoro, ta gonakin gishirin da kika ce suna ƙyalli kamar an fasa madubi, har Kep. Kada ki yi dariya: ban taɓa ganin teku ba. Na yi wa gidajen bakin teku ƙyamare ba iyaka, a mota ake ɗaukarsu su tafi su bar ni. Kullum ina cewa sai na samu sarari, ashe ke nake jira ki nuna mini.

Abokina Vibol da matarsa za su raka ni, su ne za su tsaya a matsayin manyana tunda ba ni da wasu. Kin san bakin Vibol. Da ya ji zan bi ta Takeo sai ya ce, "Kai dai taurin kai zai kashe ka. Ka ce Maciji mana, a wuce wurin. Wa zai taso uwarka ya tambaye ta?" Sai ya ƙara da cewa, "Dubi fuskarka ma, doguwa ce irin ta doki. Gara ka yi sauri ka faɗa kafin surukar taka ta sa tabarau." Matarsa ta make shi da mafici. Na yi dariya.

Ba zan yi ƙaryar nan ba, Malis. Ba don tsoron achar ba, ba don tsoron Inna ba. Ni na san ki. In na shigo gidanku da shekarar aro, duk ranar da na yi tari za ki dube ni, duk ranar da na makara a hanya za ki fita bakin ƙofa kina murza gefen zanenki, kina tambayar kanki ko dai. Kin riga kin tsaya a bakin ruwa sau ɗaya kina jiran wanda bai dawo ba. Yaya zan sa ki sake irin wannan tsayuwa a kan ƙaryata? Ban taɓa shafa fenti a kan tsatsa na sayar wa mutum ba, ba kuwa da ke zan fara ba. Abin da Kaka Phon ta faɗa, shi zan ɗauko yadda yake in kawo. In ta ce ta manta, zan ce ta manta.

In Maciji ne, ya furen zuciyata, to ki gaya wa masu sayar da ƙaguwar teku na kasuwarku su ware mafi girma, domin ranar zan ci kamar wanda aka sako daga kurkuku.

In kuwa Doki ne, ba zan juya a Ang Tasom in koma gida in ɓoye ba. Zan ƙaraso. Matar Vibol za ta jera farantan 'ya'yan itace a kan tabarma yadda ake yi wurin neman aure, ni kuma in haɗa hannu in faɗa wa Inna da bakina. Na san za ta ture farantan, ba kuma zan yi mata musu a gidanta ba. Amma abin da ban sani ba, wanda ke cina kamar tsatsa a damina, shi ne ke. Rantsuwar Inna ce kawai, ko ke ma tsoron yana jikinki? Ba ki taɓa gaya mini ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya sai yau.

Ba na roƙon ki ɗaga murya a gaban mahaifiyarki. Ga abin da nake roƙo, ɗan ƙarami ne. Kafin a kwashe farantan a mayar mota, in har kina so in jira, ko shekara nawa zai ɗauki zuciyar Inna ta sauko, ki miƙa hannu ki ɓalli ayaba ɗaya. Ba sai kin dube ni ba. In kuwa hannunki ya tsaya a cinyarki, zan gane, ba zan riƙe ki da komai ba, zan gaida Inna in sauka matakala a tsaye kamar yadda na hau.

Ko kin ɓalla ko ba ki ɓalla ba, na rantse da uwar da ban san fuskarta ba, babu wata da za ta zauna inda kika zauna a raina har in mutu a ƙone wannan jikin.

Naki, kowace dabba Kaka Phon ta ce ni ne,
Bong Borey