Rawar da Agogo Ya Gani

Buea

Zuwa ga Yaya Limunga,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Ya zafin Duwala?

Bayan haka, Yaya, ni na zo ta ɗaya a tseren hawan dutse na mata, amma an hana ni kofin. Alƙalai sun duba taswirar gudun da wayata ta zana, suka ga layi miƙe sambal ya ratsa kurmi, wai na yanke hanya. Ni da ƙafata ta san kowane dutse a hanyar nan. Har a kasuwa ana nuna ni da baki. Ranar Asabar za su yanke hukunci.

Ƙanwarki, Etonde

Duwala

Etonde ƙanwata,

Muna lafiya, yara na gaishe ki. Share hawayenki. Waya tana jakar ƙugu, jikinki ya tare ta, itatuwa sun rufe sama. In ta rasa tauraron ɗan'adam, sai ta ja layi daga inda ta suma zuwa inda ta farfaɗo. Ina agogon da na aiko miki, wanda kika ce na 'yan gayu ne? Shi ma yana zana taswirar gudu, kuma a hannu yake, jiki bai tare shi ba. In kin ɗaura shi ranar, kai musu. In yana akwati kuwa, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Yayarki, Limunga

Buea

Yaya, barka da war haka.

Na ɗaura shi, Mama ce ta matsa mini. Kunya ce ta hana ni nuna shi tun farko, amma na kai. Kowace kwana ta fito daram, sai dai a bakin kurmi layin ya cukurkuɗe kamar zare. Babban alƙali, Baba Ngale, dattijon cocinmu, ya tambaye ni mene ne wannan. Na sunkuyar da kai na ce ganye na tsinka na yi wa aljanin da aka ce shi ne mai dutsen rawa, yadda Kaka ta koya mana.

Sai ya ce, "Mai yanke hanya ba ta tsayawa rawa. Ku ba ta kofinta."

Yaya, daɗi kamar ya kashe ni. Da kofin a kaina na ratsa kasuwar.

Taki, Etonde

Duwala

Zakara,

Barka, barka. Ashe ke shugabar mawaƙan coci kin iya rawar ganye. Da Kaka na raye, da guɗarta ta iso Duwala. Agogo ya yi aikinsa. Wayar kuma a bar ta ga kiran mutane, ki fara da ni.

Ki huta lafiya,
Limunga